Na Sa Hannu a Shafi na Biyu, Aka Share Sunan Wanda Ya Zo na Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana da na makarantar da nake koyarwa, kuma sunayen da zan ambata duk na aro ne. Ina kuma roƙon ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin wanda na yanke wa kaina ya fi duk abin da za ku rubuto zafi.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Tambuwal. Abin da aka san ni da shi ɗaya ne: ba na barin komai a ka, sai na rubuta. Saboda wannan hali ne aka naɗa ni magatakardan kwamitin wasannin guje-guje na shiyyarmu, wadda ta haɗa Tambuwal da Kebbe. Shugaban kwamitin, wanda zan kira Malam Babba, shi ya koyar da ni a aji, shi ya tsaya mini har na shiga kwalejin horon malamai, shi ne kuma ya karɓa mini aure lokacin da mahaifina yake kwance. Ban taɓa zama a kan kujera a gidansa ba, sai a tabarma. Na faɗi wannan ne don ku san girman wanda nake magana a kansa.

A farkon damina takarda ta zo daga sama cewa bana an sauya tsarin zaɓen 'yan gudun da za su wakilci ƙasa. Ba sauran a ɗauko waɗanda aka saba kawai. Kowace shiyya za ta yi tsere a buɗe, kowa ya shiga, ɗan makaranta ko manomi ko ɗan acaɓa, uku na farko su tafi gwajin jiha, daga can kuma waɗanda suka yi fice su wuce gwajin ƙasa. Wallahi ranar da na karanta takardar nan sai da na maimaita ta sau uku don murna. Malam Babba ya ce, "To Magatakarda, kai aka yarda da maganarka a ƙauyuka, kai za ka kai saƙon ga." Na hau babur ɗina, da man da na saya da kuɗina, na bi Jabo, na bi Kebbe, na kai har Fakku. Ina tsayawa bayan an sallame sallar Juma'a ina cewa, jama'a, wannan karon ba a tambayar ɗan wane ne kai, ƙafarka ce za ta yi maka magana, kuma ni da hannuna zan rubuta sakamakon. Na faɗi haka a gaban dattawa. Na dafa ƙirji na faɗa.

A Fakku ne aka nuna mini Umaru, magidanci ɗan shekara ashirin da 'yan kai, manomi, wanda aka ce in saniya ta tsinke shi ake kira. Mahaifinsa ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam, mutum da hankalinai shi kama gudu, ba kura ba maciji, kuma ka ce mani aiki na? Ga gero na jiran noma!" Na zauna na yi masa bayani har ya ce, "To, tunda kai kac ce, na ba ka shi amana. Amma in anka bar shi baya, kai za ka zo gona ka kama mani noman kunya fuɗu." Aka yi dariya, muka rabu.

Ranar Asabar aka yi tseren. Umaru ya zo da takalmin roba da wandon da aka yanke wa ƙafa, 'yan makaranta masu kayan wasanni suna ta yi masa ba'a, wani yana cewa ko an aiko shi kasuwa ne ya ɓace hanya. Aka busa usur na mita dubu biyar. Jama'a, ni ina riƙe da agogo da littafina, ba labari aka ba ni ba. Umaru ya gama ya tsaya yana neman ruwan sha, na biyu bai ko shigo kwanar ƙarshe ba. Na rubuta sunansa da lokacinsa da biro a littafina mai baƙin bango, na rubuta na biyu da na uku, na kwafe su a wata takarda na miƙa wa Malam Babba. Fom ɗin hukuma shafi biyu ne: na farko na sunaye, na biyu na sa hannun shugaba da magatakarda. Malam ya zaro shafi na biyu kaɗai ya ɗora a kan mazaunin babur ya ce, "Sa hannu nan, ɗana, mota na jirana. Shafin sunaye in na isa Sakkwato sai in sa a buga daga takardar ga taka, rubutun hannu ba su karɓa." Ni da nake hana ɗalibaina rubuta amsa kafin su karanta tambaya, na sa hannu a takardar da ban ga farkonta ba. Me zai sa in yi shakka? Wa ke neman shaida daga mutumin da ya karɓa masa aure?

Bayan mako biyu jerin sunaye ya fito. Babu Umaru. A gurbinsa akwai wani matashi da Malam Babba ya yi shekaru yana horarwa, wanda a littafina shi ne na biyar. Na ce wa kaina kuskuren bugu ne, na nufi shagon da muke buga takardun kwamiti a Tambuwal don a shirya takardar gyara. Mai shagon ya dubi jerin ya ce, ba tare da ya san abin da yake faɗa ba, "Wanga? Ai tun ran Talata Malam yak kawo sunayen nib buga, kwana fuɗu kafin tserenku." Na riƙe bakin tebur. Ashe tun kafin a busa usur an gama zaɓe. Ashe man da na ƙona, da rantsuwar da na yi a gaban masallatai, da mutanen da suka bar gonakinsu a tsakiyar noma, duk ado ne aka yi wa takardar da ta riga ta bushe. Da bakina aka ci albasa.

Na same shi a zaurensa bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, sannan na ce, "Ranka shi daɗe, sunan wanda ya zo na ɗaya ban gan shi ba." Bai ko ajiye carbinsa ba. Ya ce, "Sun ce a buɗe ma kowa, mun buɗe, kowa ya yi gudu, an ɗauki hoto. Mi ya rage? Ka ɗauki mutumin da bai taɓa wuce Sakkwato ba, bai da takardar haihuwa, bai san yadda aka tsayuwa kan layi ba, ka kai shi gaban manya shi kunyata mu? Wancan shekara shida ina wahala da shi." Na ce takardar haihuwa ana yin ta, tsayuwa kan layi ana koyon ta a wuni ɗaya, amma ƙafar nan ba a sayen ta. Sai ya dube ni irin kallon da yake mini ina aji uku, ya ce, "Kai ma hannunka na bisa takardar, Magatakarda. In ta tashi, mu biyu za ta ci. Tashi ka tafi gida, ka gaida iyali." Na tashi. Na ma ce masa na gode. Har yau ban san godiyar me na yi ba.

Duk wannan abin da aka yi mini ne. Yanzu ga abin da ni na yi, wanda shi ya sa na rubuto.

Umaru ya zo makarantarmu da kansa, a bayan babur ɗin wani, da ƙwan zabi a ƙwarya ya kawo mini tsaraba. Ya tsuguna a ƙofar ofishin malamai ya ce, "Malam, an karanta mani sunaye a waya ban ji nau ba. Ni dai ranar nan ban ga kowa gabana ba. Ko akwai wani da yaw wuce ni ban lura ba?" Littafin yana cikin jakata, jakar tana rataye a kafaɗata. Abin da ya rage kawai in buɗe in nuna masa. Maimakon haka sai na gyara murya, da irin muryar da nake sanar da sakamakon jarrabawa, na ce masa zuwa na ɗaya a shiyya bai isa ba, akwai lokacin da hukuma ta ƙayyade, kuma nasa bai kai ba. Babu wannan ƙa'ida a ko'ina cikin takardar. Ni na ƙirƙire ta a tsaye. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Ashe dai ban iya ba. To, Allah shi sa haka yaf fi alheri. Ka yi haƙuri Malam, na ba ka kunya bayan wahalar da kac ci." Shi ne yake ba ni haƙuri! Wane irin mutum ne zai tsaya manomi ya nemi gafararsa a kan tseren da manomin ya ci? Malam Babba ya cire masa suna a takarda, amma ni na cire masa yarda da ƙafarsa, kuma ni aka ba amanarsa hannu da hannu.

Tun daga ranar ban sake jin daɗin tsayawa a gaban allo ba. Ina faɗa wa ɗalibi kada ya saci amsa, sai in ji muryata ta zame mini baƙuwa. Ina jin haushin Malam ƙwarai, ba zan ɓoye ba, domin bai zaɓe ni don aikin nan ba sai don ya san mutane sun yarda da ni, kuma ya san kunyarsa ba za ta bar ni in ɗaga kai ba. Ya auna ni daidai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ga inda nake yanzu. Gwajin jiha saura kwana goma sha biyu, kuma tsarin ya ce magatakarda na iya shigar da gyara a rubuce matuƙar ba a yi gwajin ba. Na rubuta takardar, na haɗa da kwafin shafin littafina, tana cikin ambulan, ban sa hannu ba. In na miƙa ta, zan tona asirin dattijon da saura masa 'yan watanni ya yi ritaya da mutuncinsa, za a ce yaron da ya rena ne ya tozarta shi, kuma dole in amsa cewa na sa hannu a kan abin da ban gani ba. In na bar ta, Umaru ya rasa gurbin da ya ci da guminsa, kuma gobe ko da gaske aka buɗe zaɓe, wa zai sake fitowa daga Fakku ko Jabo? Na gaya wa maiɗakina rabin labarin, ta ce in yi shiru in yi ta istigfari. Amma haƙƙin wani yana faɗuwa da istigfari alhali mai shi yana raye, kuma hanyar mayar masa tana buɗe?

Shekaranjiya Umaru ya kira ni. Na ɗauka zai ce ya gano. Sai na ji yana magana da fara'a, wai tun ranar da muka rabu kullum bayan sallar asuba yana zagaya bayan gari da gudu kafin ya wuce gona, wani ƙanen matarsa yana duba masa lokaci a waya. Ya ce, "Malam, abu guda nika roƙo. Lokacin nan da hukuma taka so, wanda ban kai ba, ka rubuta mani shi a takarda in manna a ɗaki, in san abin da nika kora. Ran kasuwa ina shigowa Tambuwal in karɓa."

Ran kasuwar jibi ne. Babu lambar da zan rubuta masa face wata ƙaryar, wannan karon da alƙalamina. Don girman Allah ku ba ni shawara: in mutumin nan ya tsuguna a gabana ya miƙo hannu, me zan yi?