Na Je Neman Cibiyata a Balad

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in shaida miki zan bar Jidda. Kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya ƙi sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, halas, magana ta ƙare. Ranar Asabar zan tafi Kano, garin da ban san shi ba sai a bakinki.

Shi ya sa jiya na tashi daga unguwar Sa'alaba na je Balad, tsohon garin Jidda, gidan marubucin wasan kwaikwayon nan da kika yi wa girki har ƙarfinki ya ƙare. An gyara gidan yanzu, baƙi ke shiga kallo. Kin san abin da na yi? Ƙofar baya na nufa, ta masu aiki, na tsaya ina ƙwanƙwasawa. Sai mai gadi ya zagayo da ni ta babbar ƙofa. Tun da kika haife ni ban taɓa shiga ta nan ba, sai na ji kamar na yi sata.

Ɗakin karatun marubucin na nan, alƙalaminsa da tabaransa a cikin gilashi. Kicin ɗinki kuwa an mai da shi shagon tsaraba, ko ludayi ba su bari ba.

Lambun tsakar gida ne ya kai ni. Nan yake zama da la'asar yana karanta wa abokansa wasa da ƙarfi, ke kuma kina leƙowa ta taga kina ƙyalƙyala dariya, alhali ko rabin Larabcin littafi ba kya ji.

A ɗakin bayan gidan kika haife ni, a gindin magaryar lambun kuma kika binne cibiyata a ɓoye. Kullum kina ce mini, "Inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu, ko takarda ta ƙi." Ƙasar wurin na je ɗiba, ko da cikin tafin hannu ne, in tafi da ita.

Magaryar na nan, ta tsufa. Amma an shimfiɗe lambun da marmara har jikin itacen, an kafa allo wai a nan ya rubuta wasansa mafi shahara. Na durƙusa ina laluben tsaga da farce, ban samu ba. Mai yi wa baƙi bayani ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ni, baiwar Allah, ta kawo mini ruwa. Na sha, na yi godiya, na fito.

Kuka nake yi yanzu, ba zan ɓoye miki ba. Ke kina maƙabartar da mata ba sa shiga, cibiyata tana ƙarƙashin marmara, ni kuma zan tafi hannu rabbana.

Allah ya jiƙan ki, Ummata, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a gidan da ba a korar kowa. Amin.

'Yarki,
Zulai