Jidda Ta Fi Jibiya Kusa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gawona a tsakar bazara, ruwan randata bayan doguwar tafiya, Muhsina 'yar Malam Lawal, farin watan Jibiya da ya tafi haskaka asibitin Jidda ya bar mu a duhu!

Saƙonki ya iske ni a bakin boda, ina layin motocin Maraɗi. Wai asibiti na so ki ƙara shekara biyu, kuma kina shawarar sa hannu, tunda a cewarki nisa ya riga ya shiga tsakaninmu. Ranar aurenmu da iyaye suka sa bayan Babbar Salla fa? Nisa? Haba Muhsina! Direba za ki koya wa nisa?

Kin manta ranar da na kai ki filin jirgin Kano? Kina gidan gaba, ƙunshin kilishi a cinyarki, kina ta yi mini faɗan gudu, ni kuwa wallahi ban taɓa jan mota a hankali kamar ranar ba, don kada hanya ta ƙare. Na tsaya a waje har jirginku ya ɗaga da hantsi, na bi shi da ido har ya koma kamar shirwa. Sannan na juyo gida ni kaɗai, kujerarki na ƙamshin turarenki.

Taya ta fashe mini a Kankiya. Shingayen jami'an tsaro kuwa, kowanne sai an buɗe but ɗin mota. La'asar sakaliya, ban ko wuce Daddara ba, sai ga wayarki: kin sauka lafiya! Kin tsallake Sahara, kin tsallake teku, kilomita dubu uku da ɗoriya cikin awa biyar, ni ɗan abin da ya wuce ɗari biyu ya gagare ni. Na faka gefen titi ina dariya, hawaye na zuba, har wani mai rake ya zo yana ba ni haƙuri.

Tun ranar na daina tsoron Jidda. In kewarki ta taso, sai in ce ai tana nan kusa, tafiyar Kano ce da facin taya ɗaya. Da wannan na rayu shekara biyu, ya ke zumar zuciyata. Amma wasu biyun? Ina! Ko raƙumi akwai ranar da yake durƙusawa.

Don girman Allah kada ki sa hannun nan. Ki yanki tikiti, ki faɗa mini rana. Na sake tayoyi huɗu, kuma tun ana jibi zan sauka Kano in kafa motata a ƙofar filin jirgi. Sau ɗaya kika riga ni isa, ba za a kuma ba.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a motar da ba ni ke tuƙi ba,

Ummaru Direba,
Tashar Maraɗi, Jibiya.