Bargon Baban Ramatu da Takardar da Nake Jira

Zuwa ga Majo, mai kula da likitar ƙauyenmu, ƙasar Madawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni ce Hajara, matar marigayi mai garkar albasa ta bakin fadama, wanda ka yi ta zirga-zirga a kansa da kakar nan har Allah ya karɓi abinsa. Ban manta ba, da rigar aiki a jikinka ka zo jana'iza. Karatuna bai wuce aji shida ba, ka yi haƙuri da rubutun. Na roƙi a karanta wa mata wannan takarda ranar awon jarirai, ba don in kunyata ka ba, sai don abin da ya same ni yana cikin ɗakuna da yawa.

Na ɗaya. Autata Ramatu, mai shekara tara, ta fara atishawa bayan rasuwar babanta. Kowace safiya sai ta jera goma ko fiye. Hancinta na zubar da ruwa garau kamar na randa, idanunta na ƙaiƙayi, tana murzar hancin da tafin hannu har ya saɓule. In rana ta ɗaga sai ya toshe, da baki take numfashi. Jikinta bai taɓa yin zafi ba. Ina cikin takaba, ba abin da ya fitar da ni gida sai wannan. Tsakanin dashen albasa da cirarta sau huɗu na kawo maka ita. Sau huɗu ka dafa goshinta, ka yi mata wasa, ka ce mura ce, ka rubuta magani iri ɗaya. Layi na da tsawo, na gani. Amma Majo, wace mura ce ke yin wata huɗu?

Na biyu. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya maido ta gida, ya ce za ta shafa wa yara, kada ta koma sai da takardar likita. Yau mako uku ke nan. Da safe takan tsaya bakin zaure tana kallon ƙawayenta suna wucewa. Na zo neman takardar, kana wajen rigakafi, mataimakinka ya ce mura ba ta da takarda. Da na rasa yadda zan yi, na sayi maganin ɗigawa a hanci wurin masu talla ranar kasuwa. Ya buɗe mata kwana biyu, daga baya hancin ya toshe fiye da dā.

Na uku, kuma nan laifina ne. Ranar da na fita takaba, Mama Rahila ta zo yi mini barka. Kirista ce, ta daɗe tana aikin jinya a asibitin mishan kafin ta huta. Ta zauna tana kallon Ramatu, sai ta tambaye ni ko akwai zazzaɓi, da wane lokaci abin ya fi tashi, da kuma abin da yarinyar ke rufa da shi. Nan na shiga ɗaki na ɗauko mata bargon baban Ramatu.

Lokacin da aka wanke tufafin marigayi aka yi sadaka da su kamar yadda aka saba, na ɓoye bargonsa. Shi ne wanda yake shimfiɗawa a gindin rudu, inda muke ajiyar albasa. Ban wanke ba, domin warin jikinsa na ciki. Ramatu ta gano inda yake, ta riƙa ƙudundunewa da shi har kai. Na gani, ban hana ta ba. Ni ma in ta fita nakan kai shi fuskata.

Mama Rahila ta kakkaɓe gefensa a hasken rana, muka ga abin da ya tashi: ƙura, ɓawon albasa da ya yi fumfuna, gashin akuya. Ramatu ta fara atishawa nan take. Ta ce wannan ba mura ba ce, alerji ake ce masa, wato jiki ne ke ƙin wani abu da hanci ya shaƙa. Wani bununin gero ke tayar masa, wani ƙaiƙayin sussuka, wani hayaƙin turare. Kuma ba a ɗauka daga mutum. Ta ce in jefar da maganin talla, in tafasa ruwa ya huce, in sa ɗan gishiri kaɗan, yarinyar ta riƙa wanke hancinta safe da yamma. Ta ce akwai ƙwayar da ke rage atishawa da ƙaiƙayi, amma kai za ka rubuta.

Sai da na kwana uku kafin na iya yarda a wanke bargon. Ni da Ramatu muka kai bargon bakin rijiya. Ita ke zuba ruwa, ni ina cuɗawa, ba wadda ta kalli wata. Ya wuni a rana. Yanzu warin sabulu yake. Atishawar ta ragu ƙwarai, jiya na ji tana numfashi bakinta a rufe.

Ga roƙona. Ka duba ta da kanka, ka rubuta mata abin da ya dace. Ka ba mu takardar da za ta nuna wa mushe cewa ciwon ba ya yaɗuwa, tun kafin a rufe makaranta ta rasa ajinta. Sannan duk uwar da ta dawo maka da mura marar zazzaɓi, ka tambaye ta da me ɗanta ke rufa. Da ka tambaye ni tun zuwan farko, wataƙila in yi kuka, amma da na gaya maka gaskiya.

Allah ya saka maka da alheri kan abin da ka yi wa babanta, ya raya maka naka, ya ba ka lokacin yin tambaya. Ranar Litinin da sassafe za mu zo. Ta ce za ta zo da jakar makaranta a bayanta, don daga wurinka ba gida za ta koma ba.

Wassalam.

Hajara, uwar Ramatu.