Ina Kumfarka, Sahrun?

Litinin, 6 ga Oktoba

Na iso tsibirin Tomia, shagon masu nutso. Sun shimfiɗa min tabarma a ɗakin da suke ajiye tukwanen iska. Shagon nan duk shekara suna ɗaukar mutum ɗaya daga ƙauyukanmu na kan ruwa, su koya masa nutso da tukunya a baya. In ya ci, a ba shi katin shaida da aikin raka baƙi nutso. Bana ni ne. In na faɗi, jirgin Kawu Sabir zai tashi ƙarshen wata, nutso da kwampireso, injin da ke turo iska ta dogon tiyo a baki, kuma akwai gurbi. Gurbin Yaya Dulla ne. Shi yanzu sai an ɗauke shi zuwa bayi.

Ban damu ba. Ni Bajo ne, mu mutanen teku ne, na iya nutso kafin na iya tafiya.

Talata, 7 ga Oktoba

Malama Ratna ce ke koya min. 'Yar tsibirin Java, 'yar ƙarama, murya kamar ta direban jirgi. Ta ce doka ta farko, kada ka taɓa riƙe numfashi. Na yi dariya, na zata wasa take. Ba ta yi dariya ba.

To yaya ke nan? Ina yaro in na saki kumfa ko ɗaya a ƙasan ruwa, ina fitowa Baba zai ƙwanƙwashe ni da filafili. Ya ce iskar ƙirjinka ita ce hanyarka ta komawa gida, kar ka zubar.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ruwa iya wuya kawai muka shiga. Cire gilashin ido, mayarwa, cire abin shaƙar iska daga baki, nemo shi, duk na yi. Muna fitowa ta ce, "Sahrun, ina kumfarka? Tarawa kake ka kai wa surukarka?" Masu jirgi suka yi ta dariya.

Da yamma ta kai ni inda ya fi zurfi. Ta hura balan-balan da iskar tukunya a can ƙasa, ta ɗaure, ta sake shi. Yana hawa yana kumbura, kafin ya kai sama ya fashe. Ta nuna shi, ta nuna ƙirjina. Na gane. Kaina ya gane. Ƙirjin ne ba ya jin magana.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na sake riƙe numfashi. Wallahi ban san na yi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Jarabawar takarda da nake tsoro ta wuce, ita ta karanta min tambayoyin ina amsawa da baki. Ruwan da ba na tsoro shi ya kayar da ni.

Abin da ya rage shi ne a yi kamar iska ta ƙare, ka taso a hankali kana cewa aaaa har sama. Na fara. Ban san lokacin da maƙogwarona ya rufe ba. Sai ji na yi ta cafke ni, ta danna min hannu a ciki har iska ta fita dole. Muka hau jirgi. Ta ce, "Ba zan sa hannu ba. Gara ka tsane ni da in kai wa mahaifiyarka gawa ƙauyenku Sampela." Na roƙe ta, har na durƙusa. Ta ce Lahadi, sau ɗaya, shi ke nan.

Ban iya cin rogon da aka dafa mana ba. A masallaci ma na kama kaina ina riƙe numfashi a sujada. Ya Allah, me zan yi da wannan jiki.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na kira gida. Inna ta kara wa Yaya Dulla wayar a kunne. Na gaya masa komai. Sai ya ce ranar da kwampireso ya mutu yana ƙasa, shi ma abin da ya yi ke nan. Ya kulle ƙirji ya taso da gudu, yadda Baba ya koya mana. Ba wanda ya taɓa gaya masa iskar inji daban ce. Bai taɓa faɗa min wannan ba.

Na fara kuka. Ya ce, "Kai dalla rufe min baki. A'a, buɗe shi ma. Kai da ba ka barin mutum ya yi barci don surutu, sai a ruwa za ka zama waliyyi? Gobe ka yi ta kiran sunana har sama. Zagina ma ka yi, na yafe."

Kawu ya karɓi wayar ya ce ya saya min sabon tiyo. Wai in daina wahalar da kaina.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na kira sunan Yaya. Tun daga ƙasa, Dullaaaa, ina kallon kumfa na wuce fuskata. A tsakiya maƙogwaron ya so ya rufe, sai na ga tiyon Kawu a idona, na ƙara ƙarfi. Na fito ba ko ɗigon iska a jikina, ina tari.

Malama ta ce, "Wane ne kake ta yi wa ihu haka?" Na ce yayana. Ta ce, "Sake, in gani ko sa'a ce." Na sake. Na kuma sake. Ta sa hannu.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ina gida kwana biyu kafin in fara aiki. Jirgin Kawu zai tafi da ɗan maƙwabta.

Da safe muka fita da Baba, da tabarau na katako, ba tukunya ba komai. Na sauka, na hango wani kifi, na ɗaga mashi. Sai na ga kumfa na fita daga bakina. Dole na taso hannu wayam. Baba ya daɗe a ƙasa, ya fito da biyu. Ya gani, na san ya gani. Filafilin na gefensa. Ya miƙo min ya ce in tuƙa, shi zai riƙa sauka.

Gajiya ce ta sa na saki kumfar. Ina jin gajiya ce kawai.