Wayar Gwaggo da lambar da na ƙi karantawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ɗaliba ce 'yar SS2 a Unguwar Shanu.

Abin da na fara gani da na isa gidan Gwaggona a Kurmin Mashi ranar Asabar shi ne takalmin Yaya Bashir a bakin ƙofa, sannan wayarta ba ta kan firij inda take ajiye ta. Tana hannunsa.

Mijin Gwaggo ya yi shekaru yana aikin gonar tumatir a Sifen, Allah ya yi masa rasuwa bara. Fanshonsa na shiga wani banki na can, da shi take sayen maganin suga, kuma komai na bankin a wayar da Sifaniyanci yake. Ni na zauna na koyi kaɗan kaɗan a bidiyo saboda ita, na san saldo shi ne abin da ya rage, contraseña kalmar sirri, transferencia tura kuɗi. Duk Asabar nake zuwa in duba mata, tana tsokanata wai "Baturiyar gidanmu".

Yaya Bashir ɗanta ne na fari, shagonsa na Mando ya rufe kwanaki. Ya miƙo min wayar ya ce, "Ke malamar Sifen, karanto min lambar da ta shigo, gyara nake mata." Lambobi da yawa ne a cikin saƙon, bai san wacce ake so ba. Na karanta saƙon a zuciyata. Cewa yake ana neman haɗa asusun da nuevo dispositivo, wato sabuwar waya, kuma kada a ba kowa lambar. Na lura tasa wayar na kan cinyarsa a kife. Na ce masa ban kai nan a karatu ba, har lokacin lambar ya wuce ta mutu. Ya yi faɗa sosai, wai ashe burga nake, wai yarinyar da ya goya ce za ta raina masa hankali, ya ce zai dawo Asabar mai zuwa.

Matsalar ita ce Gwaggo irin mutanen da ce, tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, "wannan yaron" take cewa, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, balle ta hana shi abu. Duk abin nan tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Ban sani ba ko ta gane, ko kuwa ita ta yarda masa ta kasa faɗa min.

In na gaya wa Abbanmu, na san zai kira Yaya Bashir, a ce ni na haɗa uwa da ɗa. In na yi shiru, zai sami wani ya fassara masa. Ko kuma da gaske taimakonta yake so ya yi, ni ce nake zarginsa a banza? Me ya kamata in yi kafin Asabar?

Da zan tafi dai na durƙusa kusa da ita na ce, "Gwaggo, don Allah ki ɗaura wayar a bakin zaninki har in dawo."