Dutsen da Na Aro a Kan Tsauni

Zuwa ga Yayata Sumie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Yaya Noboru da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Kullum ina roƙa muku lafiya. A nan ganyaye sun yi ja, sanyi ya fara shiga, ku kuwa can Burazil na san zafi ne ke tafe. Mama tana nan ƙalau, sai mitar ba ki aiko hoto ba.

Yaya, kin tuna dutsen da na aro a ɗakin bautar nan na kan tsauni, kusa da magangarar ruwa, shekarar bikina? Wanda mace mai neman haihuwa ke kaiwa gida, in ta haihu ta mayar da shi haɗe da wani mai ɗauke da sunan jaririn. Shekara biyar ke nan yana ƙarƙashin matashina. To, watan jiya kati ya zo daga tsoho Kanemori mai kula da wurin. Ya ce ƙauyen ya watse, saura gida uku, ƙafafunsa kuma sun gaji da hawa. Zai rufe wurin kafin dusar ƙanƙara ta sauka, duk mai dutse ta dawo da shi. Surukata ta karanta, ta ajiye mini katin kusa da kwanon shinkafata.

Ranar Lahadi muka tafi ni da mijina Tsutomu. A jirgin ƙasa na buɗe littafina na soyayya, na kasa wuce shafi ɗaya. Ya tsokane ni wai yau uwar 'yan karatu ta yi fushi da masoyanta, in ba shi ya ƙarasa mini, ya gaya mini wa ya auri wa. Daga bakin tafki muka fara hawa. Ruwan ya kwanta luf, hoton tsaunin duka a cikinsa, irin wurin da a littattafaina ake samun albishir a shafin ƙarshe. Hanya kuwa cike da mata, kowace da goyonta, duwatsu biyu na ƙara a aljihunta. Wata mai fara'a ta tambaye ni ina na baro nawa jaririn. Na ce yana gida. Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba. Ta ce ai na yi dabara, nata ya kusa karya mata ƙugu. Tsutomu ya sunkuya yana ɗaure takalmin da bai kwance ba.

A sama feshin ruwa ya jiƙa mu, ƙararsa ko magana ba ta bari a ji sosai. Tsohon yana zaune yana karɓa bibbiyu, yana karanta sunaye. Na miƙa guda ɗaya. Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce 'yata an gode, hanya da santsi, ki sauka a hankali.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ke: ba shi na bayar ba. A bakin tafki, da Tsutomu ya je sayo mana shayi, na tsinci wani mai kama da shi. Na gaskiyar yana ƙasan jakata cikin safa. Na kasa, Yaya. Gani nake in na ajiye shi, na yarda ke nan an gama. Ina jin tsohon ya gane, shekara arba'in yana taɓa duwatsun nan. Da za mu sauko Tsutomu ya karɓi jakar, ya ɗan auna ta a hannu, ya ce yadda ta hau haka za ta sauka, lallai littattafan nan nawa ƙiba suke yi. Bai dube ni ba. Shi ya riƙe ta har gida.

Jiya aka rufe wurin. Surukata ta ce na kyauta da na sauke nauyi, har ta ƙara mini kifi. Ni kuwa ga ni da kayan aro babu inda zan mayar, ga ƙarya na bari a wurin bauta. Ko da abin da nake roƙo ya zo, ban san wa zan kai wa na biyun ba. Ke ce babba, ki gaya mini yadda zan yi. Kada dai Mama ta ji.

Ki gaishe mini da Yaya Noboru, da Harue, da autarki Mieko. In kin ga ɗan shaci a kusurwar takardar nan, dutsen ne. Shi ya danne mini ita ina rubutu.

Ƙanwarki,
Chizuru