Yatsu Biyu a Birkin Baya

Daren Laraba, unguwar Rusaifa, Makka.

Da hannun hagu nake wannan rubutu, na dama yana naɗe da tsumma.

Ɗazu ina gyaran birkin bayan wata mota, irin waɗanda birkin hannunsu maɓalli ne. Sai da na gargaɗi Fahad, ɗan Kawu mai garejinmu, kada kowa ya taɓa ta. Ana kiran la'asar ya zura hannu ya kashe ta, wai a rufe a tafi masallaci. Ita kuwa da an kashe ta birkin ke kama kansa. Ya kama, da yatsuna biyu a ciki.

Na ce ya kai ni asibiti, ya ce, "Yaya, iƙama za su tambaya, takardar zaman ƙasa, kuma ka san ba ka da ita." Ya miƙo mini tsumma.

Da mai motar ya zo, ina ji Fahad yana ta ba shi haƙuri da Larabci kamar zai durƙusa, wai an ɓata masa lokaci. Ni kuwa da uwata ta goyi uban Fahad, ko sannu da Hausa ban samu ba.